Ranar Naƙasassu ta Duniya: Bikin Wane Ne?

Kowace shekara, ran 3 ga watan Disamba, ƙasashen duniya sukan yi bikin Ranar Naƙasassu. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya tsai da wannan rana a shekarar 1992, a ƙarshen shekaru 10 da aka keɓe domin al'amuran naƙasassu, daga 1983 zuwa 1992. Ke nan an fi shekara 30 ana wannan biki. Yaron da aka haifa a shekarar da aka soma, yau magidanci ne da iyalinsa. Saboda haka lokaci ya yi da za mu tsaya mu auna bikin nan yadda ake auna hatsi a kasuwa, mu ga ko tiya ta cika.

Nufina a nan shi ne in duba abu uku: yadda ake gudanar da bikin a garuruwanmu, irin maganganun da ake yi a wurin, da kuma halin da jama'a suke komawa gida da shi in an watse. Zan yabi abin da ya isa yabo, in kuma soki abin da ya isa suka, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya isa yabo

Da fari dai, ranar nan ta sa ana ƙidaya mutanen da dā ba a ƙidaya su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa wajen mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana fama da wata naƙasa mai nauyi. In haka ne, ba gidan da zai ce ba ruwansa. Wanda bai da makaho yana da kurma, wanda bai da kurma yana da tsohon da ƙafa ta ƙi, ko ɗan da mota ta karya.

Na biyu, maganar ta kai ga dokoki. A nan Nijar an yi doka tun 1993 wadda ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, Nijar ta shiga cikinta a 2008, Nijeriya kuma a 2010. Gana ta yi dokarta a 2006, Kamaru a 2010, a Nijeriya kuwa shugaba Buhari ya sa hannu a tasu a watan Janairu na 2019. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma naƙasassu da ƙungiyoyinsu ne suka sha rana kafin a same su. Mutumin da dā sai roƙo yake yi, yanzu yana da takardar da zai ɗaga ya ce ga haƙƙinsa.

Amma doka a takarda kamar iri ne a cikin rumbu, sai an kai shi gona. Dokar Gana ta ba masu gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara ƙofofinsu yadda mai keke zai shiga, wa'adin ya cika a 2016. Ta Nijeriya ta ba da shekara 5, wa'adin ya cika a 2024. Duk mai tafiya a ƙasashen nan, da tamu ƙasar, ya ƙidaya matakalar da ke bakin ofisoshi da makarantu da majami'u, sa'an nan ya yanke hukunci da kansa.

Yadda bikin yake gudana

Wanda ya halarci irin wannan biki sau biyu ko uku ya riga ya san tsarinsa. Akan kafa rumfa, a jera kujeru masu laushi a gaba domin manyan baƙi. Akan kawo naƙasassu tun da hantsi, a zaunar da su a gefe, sau da yawa a inda inuwa ba ta kai ba. Manya sukan iso kusa da azahar. Sai jawabi ya bi jawabi, yawanci da Faransanci, wanda mafi yawan waɗanda aka tara ba sa ji. In an gama, sai a kira mutum biyar ko goma a miƙa musu buhun shinkafa, ko sabulu, ko keken guragu, masu ɗaukar hoto su ɗauka. Da yamma a nuna a talabijin, a ce biki ya yi armashi.

Laifin farko na wannan tsari shi ne mai biki ya zama ɗan kallo a bikinsa. A bikin aure ba a zaunar da ango a rana, baƙi su sha inuwa. A nan kuwa ana magana a kan naƙasasshe yana zaune, kamar yadda ake cinikin akuya a gabanta. In an ba wakilinsu magana, a ƙarshe ne, bayan manya sun soma duba agogo, kuma abin da ake jira daga bakinsa godiya ce. Kurame sukan zauna awa uku suna kallon leɓunan mutane suna motsi, in ba a kawo mai fassara da hannu ba. Makafi kuma akan miƙa musu takardar tsarin biki da aka buga domin masu ido.

Laifi na biyu yana cikin rabon kayan. Ba na raina buhun shinkafa, gama mai yunwa ya san darajarsa. Amma shinkafa takan ƙare kafin Kirsimeti, hoton kuwa ya daɗe yana yi wa mai bayarwa aiki. Dubi kuma kekunan da ake rabawa. Da yawansu an ƙera su ne domin daɓen asibitocin Turai. A cikin yashin Maraɗi ko Damagaram ƙananan ƙafafunsu na gaba sukan nutse, in kuma wani ƙarfe ya karye ba inda za a sami madadinsa. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda na garuruwanmu suke haɗawa da kayan keken hawa, ya fi shi amfani nesa, domin kowane mai faci yana iya gyara shi. Da an tambayi masu hawan tun farko, da sun faɗi wannan. Amma ba a cika tambayarsu ba.

Laifi na uku, bikin na birni ne. Yarinyar da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki a ƙauye domin tana da farfaɗiya, ko yaron da hankalinsa bai cika ba wanda aka ɗaure wa ƙafa a gindin bishiya, ba su san ana wata rana dominsu ba, iyayensu ma ba su sani ba.

Kirarin da ake yi

Kusan kowane jawabi yakan ƙare da cewa naƙasa ba kasawa ba ce. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun shiga ko'ina a ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Emmanuel Ofosu Yeboah na Gana, wanda aka haifa da ƙafar dama a naƙashe, ya tuƙa keke da ƙafa ɗaya fiye da kilomita 600 a cikin ƙasarsa a 2001 domin ya nuna wa mutanensa abin da naƙasasshe zai iya. Louis Braille na Faransa ya makance tun yana ƙaramin yaro, yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun ɗigo 6 da makafin duniya suke karatu da shi har yau.

Duk da haka ina da magana a kan yadda ake amfani da wannan kirari. Yakan ɗora wa naƙasasshe nauyin ya nuna bajinta kafin a ga darajarsa. Mai ƙafa biyu ba a ce masa sai ya zaga ƙasa a kan keke kafin a gaishe shi da mutunci. To tsohuwar da ido ya rufe, wadda ba ta waƙa, ba ta tsere, ba ta saƙa, ita fa? Yaron da ba zai taɓa iya riƙe cokali da kansa ba, shi fa? In darajar mutum tana ga abin da yake iyawa, to waɗannan ba su da rabo a bikin, mu ma kuwa randa tsufa ya kama mu za mu rasa namu rabon. Ban da haka, kirarin yakan wanke mu daga laifi. In naƙasa ba ta hana komai, to wanda ya zauna bara laifinsa ne, ba laifin makarantar da ta ƙi karɓarsa ba. Alhali sau da yawa abin da ya kasar da mutum ba ƙafarsa ba ce, matakalar da muka gina ce, da mushen da ya ce ba shi da wuri a ajinsa.

Abin da harshenmu yake tonawa

In kana so ka san abin da jama'a suke ɗauke da shi a zuci, kada ka saurari jawabin ranar biki, saurari hirar bakin kasuwa. A yanzu an koyi cewa “masu buƙata ta musamman” a rediyo, wannan kuwa ladabi ne mai kyau. Amma a unguwa har yanzu da wuya a kira mutum da sunan da aka raɗa masa. Sai ka ji “gurgun nan”, “bebiyar gidan wane”, kamar ba a yanka musu ragon suna ba. Mukan zagi mai lafiya da cewa makaho ne ko kurma, muna nufin wawa. Mukan ce wane yana da zuciya kamar ta kuturu, ba mu tambayi kanmu wace irin zuciya za mu yi in shekara 20 ana ajiye mana ruwa a ƙasa domin kada hannunmu ya taɓa moɗa.

Karin maganarmu ma ya kama mu. Mukan ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Wato mun san ƙyamar da muke yi ba ta da ƙarfi a gaban kuɗi, talakan kuturu kaɗai take ci. Amma akwai wanda ya yi adalci: in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Magabata sun san makaho yana da dabara da shiri, mu ne muka manta.

Kuturta ita ce babban misali na tsoron da ya daɗe bayan dalilinsa ya mutu. Tun 1873 wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo ta. Ba gado ba ce, ba la'ana ba ce, kuma jikin mafi yawan mutane ba ya kamuwa da ita ko sun zauna da mai ita. Tana warkewa da magani na wata 6 ko wata 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya soma shan magani ba ya ƙara sa wa kowa. Yatsun da suke gutsurewa, jijiya ce ta mutu, mutum ya daina jin zafi, wuta ta ƙone shi ko ƙaya ta soke shi bai sani ba, miki ya ci. Saboda haka dungun da kake gani a hannun tsoho tabon ciwon da ya wuce ne. Asibitin Danja kusa da Maraɗi tun 1956 yake wannan aiki. Amma har yanzu akwai gidajen da in an zo neman aure sai sun bincika ko kakan yaro ya taɓa zama a can. Unguwar Kara-Kara a Damagaram, wadda asalinta wurin da ake ware kutare ne, jikokinsu sun gaji wariyar ba su gaji ciwon ba, kamar yadda Aisha Macky ta nuna a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021.

Haka kuma shan inna. Sunan kansa yana cewa wata iska ce ta shanye ƙafar yaro, alhali ƙwayar cuta ce da ɗigon rigakafi yake tarewa. A watan Agusta na 2020 aka shaida cewa ainihin ƙwayar ta ƙare a Afirka, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, su ne suke jan jiki a bakin tasha. Farfaɗiya ma, mutane sukan gudu in mai ita ya faɗi, wai yawunsa yana sa ciwon. Ba ya sawa. Gudun nan ne yake barin mutum ya faɗa wuta ko rijiya.

Sadaka da bara

A ƙasar Hausa naƙasasshe yana da wuri tun dā. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, masu sasanta mutanensu, masu kai kukansu fada. Wannan tsari ya hana mutane da yawa mutuwa da yunwa, bai kamata a raina shi ba. Amma wurin da aka ba su wuri ɗaya ne, wato bakin hanya da ƙoƙo a hannu. Mu masu bayarwa, Kirista da Musulmi duka, mun saba da neman lada a cikin ƙoƙon nan har ba mu so ya ɓace. Mutum zai jefa wa makaho dala biyar kowace safiya shekara da shekaru, amma in makahon ya kawo igiyar da ya tufka sai ya taya ta da rabin kuɗinta.

Wanda ya fi kowa hasara a wannan ciniki shi ne ɗan jagora. Yaro mai ido biyu, mai shekarun shiga lakwal, yana riƙe da sanda daga safe har dare. Makanta ɗaya ta cinye rayuwa biyu. Ban taɓa jin an ambaci yaron nan a jawabin ranar biki ba.

Mu fa, a cikin ikkilisiya?

Ƴan'uwa, kada mu nuna wa hukuma yatsa mu manta da namu. A sura ta 9 ta Bisharar Yahaya, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka so su san ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da zancen duka biyu. Amma tambayar almajiran ba ta mutu ba, tana yawo a tsakaninmu. In mace ta haifi ɗa naƙasasshe, akan sami masu raɗa cewa akwai abin da ta yi. Akwai kuma tarurrukan addu'a inda ake jawo gurgu gaba, in bai tashi ba a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Ya zo da nauyi ɗaya, ya koma da biyu. Addu'a domin marasa lafiya aikinmu ne, amma ba a ba mu izinin mai da ɗan'uwa abin gwajin ikonmu ba.

A Markus sura 10, jama'a sun tsawata wa Bartimawas ya yi shiru. Yesu ya tsaya, ya sa aka kira shi, ya tambaye shi abin da yake so, ko da yake kowa yana ganin makaho ne. Tambayar nan ita ce abin da bikinmu ya rasa. A 2 Sama'ila sura 9 kuma, sarki Dawuda bai aika wa Mefiboshet gurgu da abinci can inda yake ba, ya zaunar da shi a teburinsa kullum, ya kuma mayar masa da gonakin kakansa. Mu kuwa mukan kai akushi bakin zaure mu dawo ciki mu ci namu.

Magabatanmu a aikin bishara sun bar mana gurbi mai kyau. Makarantar makafi ta Akropong a Gana tun 1945 take, ta Gindiri a Nijeriya tun 1953. Andrew Foster, baƙin Ba'amurke wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Akara a 1957, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashen Afirka 13. Kurame ne da yawa ya koyar suka zama malaman ƴan'uwansu. To majami'u nawa ne a cikin namu suke da mai fassara wa'azi da hannu? Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wadda masana suka yi nazarinta a Kano suka tabbatar harshe ne cikakke mai ƙa'idodinsa. Yara nawa kurame aka hana baftisma ko jibin Ubangiji domin ba su iya amsa tambayoyin katikisma da baki ba? Makafi nawa ne a cikin dattawan ikkilisiya, guragu nawa a ƙungiyar mawaƙa? In kuma saurayi naƙasasshe mai sana'a ya nemi ɗiyarmu, me muke cewa?

Bikin da zai amfana

Ba na cewa a daina bikin. Ina cewa a juya shi. Naƙasassu su tsara shi, su riƙe kuɗinsa, su yi jawabi na fari, manya su saurara. A yi shi da harshen da mutane suke ji, da mai fassara da hannu a tsaye. Kowace shekara a karanta alkawaran bara ɗaya ɗaya, a faɗi wanda aka cika da wanda ba a cika ba. Ma'aikatu su faɗi naƙasassu nawa suka ɗauka aiki. A kai bikin ƙauyuka, a yi amfani da shi a gwada idon tsofaffi, gama yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, aikinta kuwa ɗan lokaci ne. A tuna wa iyaye rigakafin ƙyanda da sanƙarau, waɗanda suka bar yara da yawa ba ido ko ba ji. Abin da aka sa gaba da gaske yana yiwuwa: a watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ce ƙasa ta fari a Afirka da ta kawar da makantar da baƙin ƙuda na bakin kogi yake kawowa, bayan aikin da aka soma tun 1974.

A ikkilisiya kuwa ba sai mun jira Disamba ba. Buhun siminti kaɗan ya isa a yi gangara a ƙofar majami'a. Matasa biyu su koyi maganar hannu wurin kuramen garin. Zumuntar mata ta ziyarci uwar da ta shekara ba ta zo sujada ba domin ba mai riƙe mata ɗanta. A ɗauki nauyin karatun ɗan jagora ɗaya, a samo wa kakansa farar sanda da wanda zai koya masa tafiya da ita. A sayi kayan da naƙasasshe ya yi da kuɗin da ya dace. Mu kuma koyi sunan kowane ɗayansu, mu hana ƴaƴanmu yi musu waƙar tsokana a hanya.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya sa mu girmama kowane mutum da ya halitta cikin kamanninsa. Amin.